Fuskar aro: Sarauniyar Lugu, Amina, da mu 'yan Zango

Mai karatu, bari mu fara da ɗan gwaji. Rufe ido ka kawo Umar Mukhtar a ranka. Wa ka gani? Na san amsar: tsoho mai farin gemu da ɗan ƙaramin tabarau, yana karantar da yara, can kuma ga shi bisa doki da bindiga. To wannan ba Umar Mukhtar ba ne. Anthony Quinn ne, ɗan wasan Amurka haifaffen Mekziko. Shi Umar na ainihi hotunansa kaɗan ne, wanda aka fi sani shi ne wanda sojan Italiya suka ɗauka yana cikin mari, 'yan kwanaki kafin su rataye shi a Suluk ran 16 ga Satumba 1931. Amma fa a faɗi gaskiya, ba don fim ɗin da Mustafa Akkad ya fitar a 1981 ba, mutum nawa ne a Aboabo ko Asawase ko Sabon Zango za su san an taɓa yin wani malami a Libiya da ya yi shekara ashirin yana yaƙar Italiya? Kaset ɗin nan ya zaga gidajenmu har ya gaji. Ita kuwa Italiya hana nuna shi ta yi, sai a 2009 wata tashar talabijin ta can ta sa shi. Fim ɗin da gwamnati ke tsoro ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da muka tattauna ke nan a shirin tarihi na wannan karo: fim ɗin da ake yi a kan mutumin da ya taɓa rayuwa. Yana tono suna daga kabari, gaskiya ne. Sai dai yakan ba sunan nan fuskar aro, kuma fuskar aron ce ke zama a kanmu. Ba sai mun je Libiya ba, muna da misali a ƙasar Hausa, kuma masu saurarenmu na Nijar sun fi ni sanin wurin.

A ƙasar Arewa, arewa maso gabas da Dogon Dutsi, akwai wani ƙauye ana ce masa Lugu. Mutanensa Hausa suke yi, kuma a ƙarshen ƙarni na 19 suna kan addinin gargajiya, su ne ake kira Azna. Shugabarsu mace ce, sarautarta Sarauniya. Ka lura, Sarauniya ba sunan mutum ɗaya ba ne, sarauta ce da ake gada, an yi wasu kafin wadda za mu yi magana a kanta, an yi wasu bayanta. A cikin Janairun 1899 wata rundunar Faransa ta taso daga bakin kogin Kwara ta nufi tafkin Cadi, ƙarƙashin kyaftin biyu, Paul Voulet da Julien Chanoine. Shi Voulet ba baƙo ba ne ga 'yan uwanmu Mosawa na nan Zango, don shi ne ya ci Wagadugu a 1896. Shi kuma Chanoine ɗan janar ne, ubansa ya riƙe ministan yaƙi a Faris. Turawan cikin tafiyar ba su kai goma ba. Sauran duk baƙar fata ne, ɗaruruwan soja da 'yan dako da mata da aka kamo, kuma babu isasshen guzuri. Rundunar da ba ta da guzuri kuwa cikin rumbun talaka take ci. Duk garin da ya yi gardama sai wuta, sai kisa, sai a cika rijiya da gawa.

Ran 16 ga Afrilu 1899 suka auka wa Lugu. Mutanen Sarauniya ba su tsaya a fili ba, sun ja cikin kurmi mai ƙaya, suna harbi da kibiya. Faransawa suka ƙona harsashi dubbai, aka kashe musu mutum 4, aka raunata 6, wanda a tafiyar tasu asara ce babba. Suka ƙone garin suka wuce. Sarauniya ba ta shiga hannu ba, daga baya mutanenta suka dawo suka sake gini.

Abin da ya faru ke nan a rana ɗaya. A takardun Faransawa labarinta bai wuce 'yan layuka ba. Hafsa Joalland, wanda ke cikin tafiyar kuma ya rubuta littafi a kanta daga baya, tsohuwar matsafiya ya ɗauke ta, wadda ta aiko musu da saƙon raini. A Lugu kuwa abin da aka riƙe daban ne: Sarauniya mai riƙon al'ada ce, ba ta cika fita daga ɗakinta ba, ƙarfinta na asiri ne da roƙon ruwa da tsare gari, kuma a kusa da garin ne dutsen Tunguma yake, wanda ake kai wa shari'a. Ba a san ta da hawan doki ko jan baka ba.

Daga nan sai alƙalami ya shigo. Abdullahi Mamani, ɗan Nijar, an haife shi a 1932, ɗan jam'iyyar Sawaba ne ta Jibo Bakari. Dattawan Zango sun san Sawaba, don bayan an haramta ta a Nijar shugabanta ya zauna a Ankara, babban birninmu, ƙarƙashin inuwar Nkrumah. Mamani ya yi shekaru yana gudun hijira, ya daɗe a Aljeriya, da ya koma gida kuma ya sha ɗauri a zamanin Kunce. Irin wannan mutum in ya zo rubuta tarihi, gwarzo yake nema, wanda zai nuna wa 'yan ƙasarsa cewa ba a miƙa wuya haka kawai ba. A 1980 ya fitar da littafinsa mai suna Sarraounia, da Faransanci, a Faris. Bai ɓoye cewa ƙagaggen labari ne ya gina a kan abin da ya faru ba. Shi ya mai da tsohuwa budurwa kyakkyawa, ya ba ta uban goyo da ya koya mata baka da kibiya da sanin itatuwa, ya ba ta masoyi, ya ba ta birni mai ganuwa.

Sai Med Hondo, ɗan Muritaniya mazaunin Faransa, ya ɗauki littafin zai mai da shi fim. Shi wannan bawan Allah, a Faransa an fi saninsa da muryarsa, don shi ke yi wa Eddie Murphy magana da Faransanci, da irin wannan aiki yake tara kuɗin finafinansa. Ya yi wajen shekara bakwai yana haɗa kuɗin wannan. An shirya a ɗauka a Nijar, ana gab da farawa hukumomin can suka janye. Thomas Sankara ne ya buɗe masa ƙofa, aka ɗauki fim ɗin a Burkina Faso, ya fito a 1986, a 1987 kuma ya ci babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu. Watanni kaɗan bayan haka aka kashe Sankara. A Faransa fim ɗin bai daɗe a gidajen silima ba.

Ni dai a ganina fim ne mai kyau ƙwarai, kuma duk ɗan Zango ya kamata ya neme shi. Ya yi abin da littafin makaranta bai yi ba. In an ce maka runduna ta ƙone gari, ka ji ne kawai. In ka ga hayaƙi, ka ga 'yan dako ɗaure da igiya a wuya, ka ga yadda hafsa ke ba da umarnin kisa yana shan abin shansa, jikinka ne zai gane. Kuma Hondo bai yi ragwancin nuna Bature mugu, baƙi nagari, a tashi ba. Ya tsaya a kan sojan nan baƙar fata da ke harbin 'yan uwansu saboda albashi da ganima da alkawarin mata. Ya tsaya a kan tafinta, mai cin abinci tsakanin harsuna biyu. Ya nuna sarakunan da suka ce gara a bar Nasara ya murƙushe Azna, ai ba namu ba ne. Wannan ba ƙarya ba ce, haka aka ci ƙasashenmu, ɗaya bayan ɗaya, kowa na kallon gemun ɗan uwansa na cin wuta bai shafa wa nasa ruwa ba.

To amma ga inda fuskar aro ta shigo. Aï Keïta, 'yar Burkina, ita ta fito a Sarauniya: matashiya, doguwa, ido kamar na damisa, tana gaban mayaƙa. Yau in ka ce Sarauniya Mangu, wannan siffa ce ke zuwa, har a zane-zanen yara. Tsohuwar da ke zaune a ɗaki tana tsare garinta ta hanyar da mutanenta suka yarda da ita, an ture ta gefe. Dalili kuwa a bayyane yake: kamara ba ta iya ɗaukar zama. Tana son gudu, tana son takobi. Mace mai iko irin na Lugu, sai an mai da ita soja kafin majigi ya san yadda zai yi da ita. Ka ga an girmama ta, an kuma rage ta a lokaci guda.

Na biyu, harshe. Tunda a Burkina aka ɗauka da 'yan wasan can, yawancin maganar Afirka da ke ciki Julanci ne da Fulatanci, ga kuma Faransanci. Ga sojan Voulet wannan ya dace, don da yawansu daga ƙasar Bambara aka ɗebo su. Amma Sarauniyar Lugu fa? Jikokinta, in an kunna musu fim ɗin kakarsu, sai an yi musu tafinta.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna a matsayin mai son tarihi, wato yadda fim ke ɗaure sanadi da sakamako. Mai kallo zai tashi da jin cewa daga Lugu ne rundunar ta fara rushewa, tsoron asirin Sarauniya ya shiga sojan, hafsoshin suka haukace. Ga yadda abin ya bi a kwanan wata. Bayan Lugu rundunar ta ci gaba da tafiya gabas, kuma mafi munin ɓarnarta a gaba take: a watan Mayu suka yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yau ake nuna wuraren da aka binne mutane. Can Faris kuwa labari ya riga ya fasu, saboda wasiƙar da wani laftanan mai suna Péteau, wanda aka kora daga tafiyar, ya aika wa budurwarsa. Gwamnati ta turo Kanar Klobb daga Tumbutu ya karɓi ragama. Ya bi sawunsu yana ƙirga garuruwan da suka zama toka. Ran 14 ga Yuli, a Dankori kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka harbe Klobb. Sannan ya shaida wa mutanensa cewa ya bar Faransa, zai kafa daular kansa. Sojan da suka gane cewa ba za su sake ganin gida ba suka juya bindiga: Chanoine ran 16, Voulet ran 17. Kabarinsu na nan a Maijirgi. Tsakanin Lugu da Maijirgi wata uku ne da ɗaruruwan kilomita. Kuma rundunar ba ta watse ba. Joalland da sauran suka ci Damagaram a ƙarshen Yulin nan, suka isa Cadi, suna cikin waɗanda suka kashe Rabe a Kusuri a Afrilun 1900. Wato Faransa ta samu abin da ta fito nema. Fim ya ƙare da nasara, tarihi kuwa ya ƙare da shekara sittin na mulkin mallaka.

Kada ka ce ina zargin Hondo da ƙarya. Fim na sa'a biyu dole ya sami uwa ɗaya da komai zai rataya a jikinta, in ba haka ba mai kallo ya yi barci. Amma kuɗin wannan dabara mutanen Ƙonni da na garuruwan kan hanyar Tasawa ne suka biya shi. Su ba su da gwarzo guda da za a sa a fosta, sai matattu masu yawa, don haka suka zama 'yan rakiya a labarin wata. Sai a 2020 wani fim na daban, African Apocalypse, wanda ba na wasa ba ne, na bin sawu ne, ya bi hanyar Voulet gari gari ya miƙa wa jikokin waɗanda aka kashe makirfo. Can za ka ji tsofaffi na faɗin abin da kakanninsu suka gaya musu, da Hausa tsantsa. Ba doki, ba kiɗan yaƙi, amma wallahi ya fi sa tsigar jiki tashi.

Duk da haka, dubi abin da littafi da fim suka yi wa sunan nan. Kafin 1980 Sarauniya labarin yanki ɗaya ce. Yau a Yamai akwai gidan rediyo da talabijin mai sunanta, ana koyar da ita a makaranta, ana sa wa wurare sunanta. Macen da Joalland ya wuce da 'yan layuka ta fi shi suna a ƙasar da ya ci da yaƙi. Wannan aikin mai ƙaga labari ne, ba na mai binciken takardu ba.

Amina ta Zazzau kuwa matsalarta ta sha bamban. Ita suna ne babba da hujja kaɗan. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambace ta a zamanin Sarki Dauda, wanda aka ƙiyasta mulkinsa daga 1421 zuwa 1438, ya ce ta ci ƙasashe har Kwararrafa da Nufe, ta yi shekara 34 tana abinta, Sarkin Nufe ya aiko mata da bābānni 40 da goro 10,000. Goron nan fa namu ne, irin wanda ya kawo kakanninmu Gwanja daga baya har suka kafa zango. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambace ta a Infaƙul Maisuri, ya ce a Atagara ta rasu. Wasu masana kuma sun kai ta ƙarni na 16, suna cewa 'yar Bakwa Turunku ce, ta hau wajen 1576. Tsakanin ƙaulin biyu akwai shekara 150. Sai kuma ganuwoyi da ake jingina mata. Iyakar kayan aikin ke nan. Wanda zai yi fim na sa'a biyu da wannan, kashi tara cikin goma daga kansa zai fito.

Haka kuwa aka yi. Fim ɗin Amina na Izu Ojukwu ya hau Netflix a Nuwamban 2021, Lucy Ameh ce Amina, Ali Nuhu na ciki, da labarin soyayya da makircin fada, kuma da Turanci aka yi shi. Ya ci kyautar fim mafi kyau a bikin AMVCA na 2022. A arewacin Najeriya kuwa surutu ya yi yawa: tufafin ba namu ba ne, gaisuwar fada ba haka take ba, ina Hausar? Ni abin da ya fi ba ni dariya shi ne jin Sarki Ali yana zuba Turanci a fadar Zazzau ta shekara ɗari huɗu ko biyar da suka wuce. Amma ka tambayi 'yan uwanmu da ke Bronx ko Hamburg, waɗanda 'ya'yansu Hausarsu ba ta wuce ina kwana ba. Yaran nan a wannan fim suka fara jin cewa an yi mace mai jan runduna a ƙasar kakanninsu. Wanda ya kashe kuɗi don kasuwar duniya, da harshen kasuwar zai yi magana. Gaddafi ya biya na Umar Mukhtar, Sankara ya tallafi na Sarauniya, 'yan kasuwa suka biya na Amina, kowanne kuma in ka kasa kunne za ka ji muryar mai kuɗin a ƙarƙashin ta jarumin.

Yanzu mu dawo gida, don ba don nishaɗi kawai na ɗauko zancen nan ba. Garinmu garin fim ne. Tun zamanin Rex da Roxy muke shiga sini, yau ga Kumawood a bayan gida, ga finafinan Kano a kowace waya. Ranar da za a yi babban fim a kan Yaa Asantewaa, uwar sarautar Ejisu, kuma ta cancanci a yi mata, ina za mu tsaya a ciki? A Maris 1900 Gwamna Hodgson ya zo Kumasi ya nemi a kawo masa kujerar zinariya ya hau. Tonawa suka tashi, aka kewaye Turawa a sansanin nan da ke Adum, wanda yanzu gidan tarihin soja ne. Su wa ke kan katanga da bindiga suna tsare Gwamna? Sojan da takardun Ingila ke kira Hausawa. Sunan ya samo asali tun rundunar da Glover ya tara a Legas a shekarun 1860, kuma a ƙarƙashinsa akwai Bahaushe, akwai Bagurunshe, akwai Bamoshe, akwai Bayarabe, da yawansu bayi ne da suka tsere suka ga kaki ya fi mari. A fim ɗin gwarzo ɗaya, waɗannan za su fito ne da jar dara, ba suna, ba uwa, ba uba, a harbe su 'yan kallo su yi tafi. Bafataken goro da ya zo da jakunansa bai taɓa riƙe bindiga ba, da malamin da ke rubuta wa fadar Asante laya tun kafin Bature ya zo, su ba za a gan su ba sam. Yaron Asante da yaron Zango za su kalli fim ɗin a benci ɗaya, su fito kowa da abin da ya ɗauka. Abin da Hondo ya yi wa sojan Voulet, na ba su baki da dalili, shi ne zan roƙi duk wanda zai yi wannan aiki ya yi wa namu.

In kuma mu ne za mu yi namu, wa za mu ɗauka? Sunan da ke fara zuwa bakin malamai shi ne Alhaji Umaru na Karaki. An haife shi a Kano wajen 1858, ya biyo hanyar goro zuwa Salaga, yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa garin, ya koma Kete Karaki ya zauna yana karantarwa har rasuwarsa a 1934. Almajiransa sun bazu a zangunan ƙasar nan, da wuya ka bi salsalar karatun wani tsohon malami a Kumasi ba ka ci karo da shi ba. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausar ajami, a kan zuwan Nasara, a kan talauci da wadata, a kan annobar murar 1918. Kuma wannan malami da ya yi waƙar kukan zuwan Nasara, shi ne ya zauna da jami'in Jamus Adam Mischlich yana rubuta masa tarihi da al'adun ƙasar Hausa. Mai fim zai so ɗaya daga cikin biyun: ko ɗan gwagwarmaya, ko ɗan koren Bature. Mutumin kuwa duka biyun ya haɗa, ko ma ba ko ɗaya, malami ne da ya ga duniya ta juya yana neman yadda ilimi zai tsira. Ga kuma wahalar da muka gani a Lugu: rayuwarsa zama ce a kan buzu da tawada da alƙalami. Ina tsoron ranar da za a ɗora masa takobi don kada 'yan kallo su yi hamma. Rubuce-rubucensa da dama suna ajiye a Cibiyar Nazarin Afirka ta jami'ar Legon, cikin tarin da aka yi a shekarun 1960, ga mai son ya fara daga bakin mai shi.

Labarin da ya fi kama da fim kuwa, wanda ke da kotu da 'yan sanda da jirgin sama, shi ne na 1957. Wata biyar da samun 'yanci, gwamnatin Nkrumah ta ba da odar korar manyan Zangon Kumasi biyu, Alhaji Amadu Baba, Sarkin Zango, da Alhaji Usman Lardan. Jagorori ne a jam'iyyar Musulmi ta MAP, wadda ta haɗa kai da NLM ta Asante wajen adawa da CPP. Gwamnati ta ce zamansu barazana ce ga zaman lafiya, kuma baƙi ne. Su kuma suka garzaya kotu suka ce su 'yan ƙasa ne, ba a korar ɗan ƙasa. Shari'a na gaban alƙali, sai majalisa ta yi wata doka ta musamman a watan Agusta, mai ɗauke da sunayensu su biyu, wadda ta ba da ikon fitar da su ta kuma kashe ƙarar. Aka sa su a jirgi sai Kano. Daga baya aka naɗa Malam Mutawakilu, na ɓangaren CPP, a sarautar Zango.

Ka ga labari ya tsaru, sai dai a kunna kamara. To wa zai zama mugu? In ka ce Nkrumah, ka taɓa mutumin da hotonsa ke rataye a shagunan Zango da yawa, wanda ya ba 'yan Sawaba mafaka. In ka ce 'yan Zangon da suka bi CPP, to jikokinsu ne ke sahu ɗaya da kai a masallaci, wataƙila ma surukanka ne, kuma suna da nasu dalilin: rikicin sarautar Zango ya girmi jam'iyyun nan duka, akwai ƙabilun da suka gaji da a ce Bahaushe ne kaɗai zai yi magana da yawun kowa. In kuma ka juya ka ce su Amadu Baba ne masu tada fitina, ka maimaita takardar ɗan sanda ke nan. A zancen Amina ba wanda zai zo ƙofar gidanka, shekara ɗari biyar ta raba ku. A nan kuwa waɗanda suka ga abin da idonsu wasunsu na raye, suna shan koko da ƙosai a layinku.

Tambayar da mutanen nan biyu suka kai kotu, wato ko ɗan Zango ɗan ƙasar nan ne, alƙali bai samu damar amsa ta ba. Shekara 12 bayan haka ta dawo, wannan karo ba a kan mutum biyu ba. Ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fita. Mutane suka sayar da gida da shago a kuɗin banza, suka cika manyan motoci zuwa Legas da Kano da Yamai da Wagadugu, cikinsu har da waɗanda aka haifa a nan, ba su taɓa ganin garin da aka ce su koma ba.